Aji ɗaya amma ba a san juna ba: yadda za a haɗa ɗaliban gida da baƙin ɗalibai a jami'a

Duk wanda ya taɓa zama a ajin jami'a mai ɗalibai daga ƙasashe daban-daban ya san abin da zan faɗa. Ka shigo lakca, 'yan ƙasa sun taru a gefe guda suna ta hira da dariya, baƙi kuma sun ja kujerunsu can wani gefen, su ma ɗin kowa ya nemi ɗan ƙasarsu ya liƙe masa, ba faɗa ba gaba, ana ma gaisawa, amma a haka za a cinye semesta, a haka wani zai gama digiri ya tattara ya koma ƙasarsu bai taɓa shiga ɗakin ɗan ƙasa ko ɗaya ba, su ma ba su iya faɗin sunansa daidai ba. Ni na zauna a ɓangarorin biyu, na yi zaman baƙunta na kuma yi zaman ɗan gida mai baƙi a ajinsu, kuma wallahi har yau abin yana damu na, don asara ce da ake yi ana ji ana gani.

Kuma fa ba ƙaramin al'amari ba ne. A ƙididdigar UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗaliban da ke karatun gaba da sakandare a wajen ƙasarsu kusan miliyan 2 ne a shekarar 2000, kafin 2019 sun haura miliyan 6. Jami'o'i suna alfahari da yawan tutocin ƙasashe a ƙofar shiga, amma da wata malama mai suna Elisabeth Gareis ta tambayi baƙin ɗalibai 454 a Amurka, a binciken da ta fitar a 2012, kusan kashi 40 cikin 100 suka ce ba su da aboki na kusa ko ɗaya ɗan Amurka. Tun 1977 ma Stephen Bochner da abokan aikinsa suka lura a jami'ar Hawaii cewa baƙon ɗalibi yana da da'irar abokai iri uku ne, 'yan ƙasarsu, da sauran baƙi irinsa, da 'yan ƙasar da ya zo, kuma ta farkon ce take da ƙarfi, 'yan gida kuwa yawanci sai in ana neman taimakon karatu ko na harshe ake tunkararsu.

Abin da nake so ka fara ganewa shi ne zama a aji ɗaya ba ya haɗa mutane. Gordon Allport na jami'ar Harvard ya faɗi wannan tun 1954, ya ce cuɗanya tana rage ƙyamar juna ne in an cika wasu sharuɗɗa: a haɗu a matsayi ɗaya ba wani a sama wani a ƙasa, a kasance da buri ɗaya, a yi aikin tare maimakon gasa, sannan hukumar wurin ta mara wa abin baya. A 2006 Thomas Pettigrew da Linda Tropp suka tattara bincike 515 a kan wannan batu, suka ga lallai cuɗanya tana aiki, kuma ta fi aiki in sharuɗɗan nan sun samu. To duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu, wato a samu wani abu da za a riƙa yi tare, ana maimaitawa, wanda kowa yake buƙatar kowa a cikinsa.

Fara da sanin abin da ke toshe hanyar

Mutane suna saurin cewa harshe ne matsalar, kuma eh harshe yana ciki, amma ba kamar yadda ake zato ba. Baƙon da ya ci jarabawar harshe aka ba shi gurbin karatu yana fahimtar lakca, yana karanta littafi, yana rubuta asainmen. Inda yake sarewa shi ne hirar bayan aji, inda mutum biyar ke magana a lokaci guda da sauri, ana yanke kalmomi, ana jefa barkwancin da sai wanda ya tashi a wurin zai gane, kafin ya gama haɗa jimla a kansa an riga an wuce zuwa wata maganar, sai ya yi murmushi ya yi shiru, su kuma su ce ai shi ba ya son magana ko yana da girman kai. Kuma duk wanda ya taɓa wuni yana magana da harshen da ba nasa ba ya san gajiyar da take kama kai da yamma, shi ya sa in ya ga ɗan ƙasarsu sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Wannan ba ƙin mutane ba ne, hutu yake nema.

Ɗan gida shi kuma tasa matsalar daban, shi bai rasa komai ba. Yana da abokansa tun na sakandare, yana da 'yan'uwa, ƙarshen mako yana da wurin zuwa, babu abin da ke tura shi ya nemi sabon aboki wanda sai ya rage saurin magana kafin su fahimci juna. Ga kuma tsoron kada ya faɗi abin da zai ɓata wa baƙo rai, ko ya kira sunansa ba daidai ba ya ji kunya, sai ya ga gara ya kama bakinsa. Baƙo yana jira a kira shi, ɗan gida yana ganin ai baƙin sun ishi junansu, kowa ya fassara shirun ɗan'uwansa da cewa ba a son shi.

Sai kuma abubuwan da ba laifin kowa ba ne a cikin ɗaliban. Jami'o'i da yawa suna ware wa baƙi hostal nasu daban, su yi musu taron maraba daban mako guda kafin 'yan gida su iso, to kafin a fara lakca baƙi sun riga sun ƙulla abota a tsakaninsu. Baƙo yakan biya kuɗin makaranta fiye da na ɗan gida nesa ba kusa ba, iyayensa sun yi wahala kafin su haɗa, bizarsa tana rataye da cin jarabawa, don haka duk awar da bai yi a laburare ba sai ya ji kamar ya ci amana. A Ingila da Amurka doka ta ba shi damar aikin awa 20 a mako lokacin karatu, kuma da yawa suna yin aikin don su riƙe kansu, to ina lokacin yawo? Mai digiri na biyu a Ingila yawanci shekara 1 ce kacal gare shi, kafin ya gane hanya ya fara rubuta aikin kammalawa.

In kai ne ɗan gida

Zan daɗe a nan don a ganina nauyin fara magana a kanka yake. Ba don baƙo ba shi da nasa aikin ba, sai don kai in ka yi magana aka share ka ba ka yi asarar komai ba, shi kuwa in ya yi ƙarfin hali sau ɗaya aka yi masa dariya yana iya yin wata uku bai sake gwadawa ba. Baƙo makaho ne ko da idonsa, kai ne ka san wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa.

Fara da sunansa. Tambaye shi yadda ake faɗa, maimaita a gabansa, in ka kuskure ka sake, rubuta a wayarka yadda kunnenka ya ji. Don Allah kada ka ce sunan ya yi maka wuya bari ka laƙaba masa wani, sai in shi da kansa ya ba ka wanda yake so a kira shi da shi. Na ga fuskar yarinyar da aka kira sunanta daidai karon farko bayan wata biyu ana kiranta da "ke" ko a nuna ta da hannu, ba zan manta ba.

Bayan suna sai gayyata, kuma a nan ne mutane masu kyakkyawar niyya suke ɓata abin. "Mu haɗu wata rana" ba gayyata ba ce, baƙo bai san ko da gaske kake ba ko maganar fatar baki ce, ba zai kuma iya tambaya ba. Faɗi rana da lokaci da wuri, ka ce gobe ƙarfe 4 za mu yi bitar kwas ɗin nan a hawa na biyu na laburare, mu uku ne, ka zo. In ya ce a'a karon farko sake gayyatarsa, don a wurare da yawa na duniya ana koya wa yaro kada ya karɓi tayi tun a kiran farko, wani kuma aiki ne ya riƙe shi yana jin nauyin faɗa. Sai ya ƙi sau uku ba tare da ya kawo wani lokacin ba sannan ka ƙyale shi. Ka kuma duba irin wurin da kake kiransa, in duk haɗuwarku ta dare ce a wurin shan giya da kiɗa mai ƙarfi to ka sani ka rufe ƙofa ga mutane da yawa, wasu saboda addini, wasu saboda kuɗi, wasu don ba sa jin komai a cikin hayaniya da harshen da ba nasu ba. Haɗuwar rana ta mutum uku ko huɗu ta fi taron mutum talatin amfani sau goma.

In ana hira a rukuni kuma kun ga kun zarce da yarenku ko da irin maganarku ta 'yan gida, wani ya tsaya ya ce masa ga abin da ake wa dariya, jimla biyu sun isa. Rage sauri, amma kada ka ɗaga murya kamar kana magana da kurma, kada kuma ka ƙarasa masa jimla in ya tsaya neman kalma, ba shi daƙiƙa biyar zai samo ta.

Wani abu da ke ci wa baƙi tuwo a ƙwarya shi ne a mai da su jakadun ƙasarsu. Kullum tambaya ɗaya, a ƙasarku kuna da kaza? me ya sa gwamnatinku ta yi kaza? Mutumin nan yana da ƙungiyar ƙwallon da yake so, yana da malamin da ke ba shi haushi kamar yadda yake ba ka, yana tsoron jarabawar da kake tsoro. Ku fara daga nan, labarin ƙasarsu zai zo da kansa in an saba, kuma lokacin zai fi daɗi don ba tambayar ɗan jarida ba ce. Kuma kada ka tsaya a matsayin mai taimako kullum, ka tuna sharaɗin farko na Allport. Nemi taimakonsa shi ma, wataƙila ya fi ka lissafi, wataƙila ya yi aiki shekara biyar a fannin da kai a littafi kawai ka sani. Abotar da ɗaya ke bayarwa ɗaya ke karɓa ba ta daɗewa, mai karɓar yakan gaji da godiya ya janye.

In kai ne baƙo

Ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ba zan ce ka guji 'yan ƙasarku ba, duk wanda ya ce maka haka bai taɓa kwana da kewar gida ba. John Berry, masanin halayyar ɗan'adam a Kanada, ya kasa yadda baƙi ke zama a sabon wuri gida huɗu: wanda ya watsar da nasa ya narke cikin mutanen wurin, wanda ya ƙanƙame nasa ya ƙi shiga, wanda ya rasa duka biyun, da wanda ya riƙe nasa kuma ya shiga cikin mutane, kuma na ƙarshen nan ne aka fi samu da kwanciyar hankali. Don haka riƙe mutanenka, amma ka ware wasu awanni a mako waɗanda ba nasu ba ne.

Zaɓi abu ɗaya da ake yi duk mako a lokaci ɗaya da mutane ɗaya, ƙwallo ne, ƙungiyar muhawara ce, aikin sa kai ne, ƙungiyar sashenku ce, ko ma wanne, in dai 'yan gida sun fi yawa a ciki kuma akwai abin da hannu ko ƙafa ke yi, don in ana aiki ba a lura da ƙarancin magana. Ka yi wa kanka alkawarin zuwa sau takwas kafin ka yanke hukunci. Zuwa na farko da na biyu babu daɗi, kowa ya san kowa kai kaɗai ne a tsaye, a na biyar ne wani zai ce ina ka shige makon jiya. Jeffrey Hall na jami'ar Kansas ya ƙiyasta a 2018 cewa ana buƙatar kamar awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota sama-sama, awa 90 kafin a kira mutum aboki, sama da awa 200 kafin ya zama na kusa, kuma awannin hira da shaƙatawa sun fi na aikin dole ƙima a lissafin. Ka ga ke nan taron maraba na awa biyu ba abin da zai yi maka, kuma in an tashi daga wasan aka ce a ɗan zauna, zauna ko na minti 20 ne, a wannan zaman ne ake zama abokai.

Canza wurin zamanka a aji. Abu ne ƙarami amma yana aiki, binciken da Leon Festinger da abokansa suka yi a gidajen ɗaliban jami'ar MIT ta Amurka wanda ya fito a 1950 ya nuna mutane sun fi yin abota da na ƙofar kusa da su, har waɗanda ɗakinsu ke bakin matakala sun fi samun abokai a hawan sama don kawai ana wucewa ta gabansu. In akwai zaɓin hostal nemi wanda aka gauraya. In babu, to kujerar aji tana hannunka.

Tambayi abin da ba ka gane ba kai tsaye, mai tambaya ba ya ɓata. Edward Hall, masanin al'adun al'ummu, ya yi bayani a 1976 cewa wasu al'ummu suna faɗin magana ɓaro-ɓaro, wasu kuma rabin saƙon yana cikin yanayi da shiru da abin da ba a faɗa ba. In ka fito daga na biyun ka faɗa cikin na farkon za ka ji kamar ana yi maka rashin kunya, ɗalibi ya ce wa malami bai yarda ba, abokin gurup ya ce maka wannan sashen naka bai yi ba a gaban kowa, alhali shi a wurinsa aikin yake gyarawa. In kuma akasin haka ne, kai ne za a ga kana da kaushin baki. Samu mutum ɗaya ɗan gida da za ka riƙa tambaya a keɓe, me wancan yake nufi da ya ce kaza? Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai lokacin da ɗoki zai ƙare, yawanci bayan 'yan makonni ko watanni, komai na wurin ya fara ba ka haushi, ka ji mutanen duk ba su da kirki. Kalervo Oberg ya rubuta a kan wannan a 1960, mataki ne da baƙi da yawa suke bi, kuma a lokacin ne aka fi rufe ƙofa a koma kan waya da mutanen gida har tsakar dare. Kada ka yanke wa mutanen wurin hukunci a wannan lokacin. In abin ya kai ba ka barci ko ba ka iya fita aji, je ofishin ba da shawara na jami'ar, don haka aka buɗe shi. Amma fa wannan daban yake da wariya ta gaske. In ana zaginka saboda launin fatarka ko addininka, ko ana ƙin karɓarka a gurup saboda inda ka fito, wannan ba rashin sabo ba ne kuma ba kai ne za ka gyara halinka ba, rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda ke wurin, ka kai ofishin da ke kula da ɗaliban ƙasashen waje ko ƙungiyar ɗalibai.

Aikin gurup

A nan ne aka fi samun dama kuma a nan aka fi ɓatawa. In malami ya ce kowa ya zaɓi gurup ɗinsa an gama, kowa zai koma wurin nasa. In kuma aka gauraya ba tsari, 'yan gida biyu za su rubuta komai cikin dare don tsoron kada maki ya faɗi, a bar wa baƙo haɗa shafin ƙarshe, kowa ya tashi da haushin kowa. Elliot Aronson ya fito da wata dabara a makarantun Austin ta jihar Texas a 1971 lokacin da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya ana ta rikici: a raba darasi gunduwa-gunduwa, kowane ɗalibi ya riƙe guda wadda ba wanda ya sani sai shi, dole sauran su saurare shi in suna son cin jarabawa. Ko malaminku bai tsara haka ba ku kuna iya yi da kanku. A zaman farko kowa ya faɗi abin da ya iya, a ba kowa sashe na gaske wanda in babu shi aikin ba zai tsaya ba, a tura batutuwan da za a tattauna a WhatsApp kwana ɗaya kafin zama don mai buƙatar shiri ya shirya, a zagaya kowa ya yi magana kafin a yanke shawara, sannan a rubuta abin da aka amince da ranar kawowa don kada wani ya ce ya gane alhali kunya ce ta sa ya gyaɗa kai. Maganar lokaci ma a fayyace ta, ƙarfe 3 tana nufin ƙarfe 3 daidai ne ko da ɗan sassauci, don wannan kaɗai ya raba gurup da yawa.

Malamai da masu riƙe da ƙungiyoyin ɗalibai, naku mai sauƙi ne in kuna so. Ku ne za ku raba gurup, ku bar shi ya daɗe semesta guda kada ku riƙa canzawa duk mako, kada kuma ku jefa baƙo ɗaya tilo cikin 'yan gida biyar, biyu-biyu ya fi. Ku haɗa taron maraba, ku gauraya hostal. Tsarin haɗa baƙo da ɗan gida a matsayin abokin jagora, irin wanda ƙungiyar ɗaliban shirin musayar ɗalibai na Erasmus ke yi a Turai, yana da kyau, amma in aka haɗa su aka tafi yakan mutu bayan haɗuwa biyu, sai an ba su abin yi tare da ranakun haɗuwa, misali musayar harshe ta awa ɗaya duk mako, rabin awa da harshen wannan rabi da na wancan. Bikin nuna al'adu na shekara-shekara ba laifi, ana jin daɗinsa, sai dai a can baƙi ne a kan dandamali 'yan gida suna kallo, washegari kowa ya koma kujerarsa. In kuɗin da ke hannunku na abu ɗaya ne kawai, ku zuba shi a ƙaramin abin da za a riƙa yi duk mako daga farkon semesta har ƙarshenta.